Zaman Baƙunta a Tsibirin Saifurus: Daga Kyanwar Bakin Titi Zuwa Ajiyar Banki

Saifurus tsibiri ne a gabashin Bahar Rum, kudu da Turkiyya, yamma da Siriya da Labanon, shi ne kuma wanda littattafan tarihin Musulunci suke kira Ƙubrus. Faɗinsa murabba'in kilomita 9,251 ne, bai kai rabin jihar Kano ba. Duk da ƙanƙantarsa, ƙasashe kaɗan ne a Tarayyar Turai suka fi shi tara baƙi idan aka auna da yawan jama'a. Ƙidayar 2021 ta sami mutum dubu 923 a ɓangaren da ke hannun gwamnatin Jamhuriyar Saifurus, kuma a cikin kowane mutum biyar, ɗaya ba ɗan ƙasa ba ne. A irin wannan wuri ake ganin zaman baƙunta yadda yake, bayan ɗokin zuwa ya gushe, mutum ya shiga sintiri tsakanin ofishin shige da fice da likitan dabbobi da lauya da banki.

Daular Usmaniyya ta riƙe tsibirin daga 1571, Turawan Ingila suka karɓa a 1878, suka ba shi 'yancin kai a 1960. Sun bar masa tuƙi a hannun hagu, da tsarin shari'a irin nasu, da Turancin da ake ji a kowane banki da asibiti, sannan suka riƙe sansanonin soja biyu, Akrotiri da Dekeliya, waɗanda har yau ƙasar Birtaniya ce. A watan Yulin 1974 masu son haɗe tsibirin da Girka suka yi juyin mulki, bayan kwana biyar sojojin Turkiyya suka sauka a arewa. Tun daga lokacin tsibirin ya rabu biyu, da wani zirin ƙasa mai tsawon kilomita 180 a tsakani, wanda ake kira Koren Layi, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suna gadinsa. Arewa ta ayyana kanta ƙasa a 1983, amma Turkiyya kaɗai ta amince da ita. Jamhuriyar Saifurus ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta koma kashe yuro a 2008, dokokin Tarayyar kuwa an dakatar da aikinsu a arewa. Wannan dakatarwa tana shafar baƙo kai tsaye, tun daga karen da yake kiwo har kuɗin da ya ajiye.

Baƙin tsibirin iri-iri ne. Akwai 'yan fansho daga Birtaniya, waɗanda suka gudo wa sanyi da tsadar ƙasarsu suka cika ƙauyukan gundumar Fafos irin su Peyiya da Tala, dokar haraji tana ba su damar biyan kashi 5 cikin 100 kacal a kan fanshon da ke zuwa daga waje. Akwai Rashawa, da suka mayar da Limasol cibiyar kamfanoninsu bayan rushewar Tarayyar Sobiyet. Akwai ma'aikata daga Girka da Romaniya da Bulgeriya. Sai kuma waɗanda ba a cika ganinsu a tallan gidaje da otal ba: matan Filifin da Siri Lanka da Nefal da Biyetnam masu aikatau da jinyar tsofaffi, da mazan Masar da Indiya da Bangaladash masu aikin gona, da masu neman mafaka daga Siriya da Kwango da Kamaru da Najeriya.

Dukansu baƙi ne, amma darajarsu a gaban hukuma ba ɗaya ba ce. Da aka kafa mafi ƙarancin albashi na yuro 940 a Janairun 2023, an cire 'yan aikatau da ma'aikatan gona daga ciki. Gobarar dajin da ta tashi a Arakapas a Yulin 2021 ta ci mutum huɗu, dukansu Misirawa ne 'yan ƙwadago. Abin da ya fi tayar da hankali ya fito fili a 2019, lokacin da aka gano wani hafsan soja ya kashe mata biyar 'yan ci-rani da 'yan mata ƙanana biyu a cikin shekara uku. Ƙawaye da dangi sun kai rahoton ɓatansu, 'yan sanda ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, sai da masu yawon buɗe ido suka tsinci gawa a wani tsohon ramin haƙar ma'adinai. Ministan shari'a ya yi murabus, aka sallami shugaban 'yan sanda. Duk bayanin da zai zana zaman waje a matsayin rana da bakin teku, ya manta da waɗannan mata, bai faɗi gaskiya ba.

Takarda ita ce ta farko a rayuwar kowane baƙo. Ɗan Tarayyar Turai yana yin rajista a ba shi abin da ake kira takardar rawaya, wanda ya fito daga wajen Tarayyar kuma ya nemi ta ruwan hoda, wadda ake sabuntawa, kuma sai ya nuna yana da abin da zai riƙe kansa. 'Yan Birtaniya sun ɗanɗana sauyin matsayi a ƙarshen 2020, da ficewar ƙasarsu daga Tarayyar ta kankama: waɗanda suka riga suka zauna an bar musu haƙƙinsu, masu zuwa daga baya sai su bi layi ɗaya da kowa. A gefe guda kuma gwamnati ta yi shekaru tana ba da fasfo ga duk wanda ya zuba jarin yuro miliyan 2, har sai da binciken ɓoye na tashar Aljazira ya bankaɗo yadda ake yi, shugaban majalisar dokoki ya yi murabus, aka rufe shirin a Nuwamban 2020.

Abin da ya fi cika wa sabon zuwa ido ba ya da alaƙa da ofis. Kyanwoyi ne, a ko'ina: ƙarƙashin teburin gidan abinci, kan bolar shara, bakin tashar jiragen ruwa, cikin maƙabarta. An ƙiyasta sun kai miliyan guda, wato kusan kowane mutum da tasa. Tarihinsu a tsibirin ya daɗe ƙwarai. A wani wuri mai suna Shilurokambos, masu binciken kufai daga Faransa sun tono kabarin da ya kai shekara 9,500, mutum da kyanwa kwance kusa da juna, suka bayyana sakamakon a 2004. Ya girmi zanen kyanwoyin Masar da dubban shekaru. Kiristocin tsibirin suna da labarin cewa Helena, mahaifiyar Sarki Kustantin, ita ta sa aka kawo kyanwoyi a jirgin ruwa a ƙarni na 4 don su rage macizai, kuma har yau akwai gidan ibada kusa da Akrotiri da ake danganta shi da su. A bakin tafkin gishiri na Larnaka kuwa akwai masallacin Hala Sultan, inda kabarin Ummu Haram bint Milhan yake, sahabiya, matar Ubadatu ɗan Samit, wadda ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu a yaƙin teku na farko da Musulmi suka yi, zamanin Halifa Usman. Harabar masallacin cike take da kyanwoyi, masu ziyara suna zuba musu abinci da ruwa, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya san matsayin tausayin dabba a addini.

Yawancin gidajen ceton dabbobi na tsibirin da gumin 'yan sa-kai suke tafiya, kuma baƙi suna da kaso babba a ciki. Akwai ƙungiyar Animal Rescue Cyprus a Fafos, da dandalin kyanwoyi na Tala kusa da gidan ibadar Neyofitos, da ƙungiyar Malcolm a Akrotiri wadda ta ci sunan Baturen Ingilan da ya kafa ta, da Kyrenia Animal Rescue a arewa. Kuɗin gudanarwa yana fitowa daga shagunan gwanjo da kasuwar sadaka da gudummawar ɗaiɗaikun mutane. Dalilin shigar baƙi wannan aiki a fili yake. Ɗan fansho yana da lokaci, ba shi da dangi a kusa, bai iya Girkanci ba, ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa. Ciyar da kyanwoyin unguwa shi ne aikin da ba ya neman takardar izini, kuma ta nan da yawa suka fara sanin sunan maƙwabcinsu.

Wasu kuma ta wata hanya suka shiga. Da asuba ko bayan magariba, mota ta buge kyanwa a kan titin ƙauye, ta ja jiki ta shige ƙarƙashin shinge, ƙafafun baya suna jan ƙasa, numfashi sama-sama. Waɗanda suka saba sun san dabbar da ke jin ciwo tana cizo da yakushi ko da mai taimakonta ne, don haka sai su lulluɓe ta da tawul har kai, su ɗauke ta ba tare da lanƙwasa bayanta ba, su sa a kwali, su rufe. Ba a ɗura mata ruwa, ba a kuma ba ta maganin mutane. Farasitamol, wanda kowa yake da shi a gida, guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. A asibiti likita zai fara shafa wata 'yar na'ura a bayan wuyanta, ko akwai maɓallin shaida da ake dasawa ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar mai ita. In babu, nauyin ya hau kan wanda ya kawo ta. Ɗaukar hoton ƙashi da tiyata da kwanciya suna iya cin ɗaruruwan yuro, kuma babu hukumar da za ta biya. Nan ne tausayi yake karo da aljihu, nan ne kuma ƙungiyoyin suke tara bashin da suke kwana da shi shekara da shekaru.

Mota ba ita kaɗai ke kashe dabbobin ba. Wasu mutane suna barbaɗa maganin ƙwarin gona a kan nama su ajiye a bakin hanya, wanda ya fi suna shi ne Lannate. Dabbar da ta ci takan fara dalalar da miyau da karkarwa cikin mintuna kaɗan, shi ya sa wasu masu karnuka ba sa fita yawo da su sai da takunkumi a baki. Doka ta haramta wannan aiki, amma kama mai laifi yana da wuya. Akwai kuma kububuwar tsibirin, da cutar da ƙananan ƙudajen yashi ke sa wa karnuka, da karnukan farauta da ake yasarwa a daji in kakar farauta ta wuce ko in kare ya kasa. Wasu daga cikin waɗannan karnuka sukan sami gida a Jamus ko Holan ko Birtaniya, matafiya 'yan sa-kai suna raka su a jirgi.

Ciyarwa kaɗai ba ta magance komai, tana ma ƙara yawan. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikinta wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma a ƙasa mai ɗumi takan haihu sau biyu ko uku a shekara. Hanyar da masana suka yarda da ita ita ce a kama da tarko, a fiɗiye mazan, a cire wa matan mahaifa, a ɗan yanke bakin kunne ɗaya don a gane wadda aka yi wa, a mayar da ita inda aka ɗauko ta. A shekarun baya gwamnati ta riƙa ware yuro dubu 100 a shekara don wannan aiki, abin da ke isar kyanwa kamar dubu 2, kuma a Oktoban 2025 ta ce za ta ninka shi uku. Ko an ninka, bai kai ko'ina ba a gaban miliyan guda. Masu ƙorafi ma suna da tasu hujjar: kyanwoyi suna cinye tsuntsaye da ƙadangaru, a tsibirin da yake zango ne ga tsuntsaye masu ƙaura tsakanin Turai da Afirka, kuma baƙon da ya tara kyanwa talatin a ƙofar gidan haya bai kyauta wa maƙwabta ba.

A farkon 2023 annoba ta faɗa wa kyanwoyin. Cuta ce da wata ƙwayar korona ta kyanwoyi ke haddasawa, ciki ya kumbura da ruwa, zazzaɓi ya ƙi sauka, kuma in ba magani kusan ba ta barin rai. Masu bincike na Jami'ar Edinbara sun gano sabon nau'i ne da ya gauraya da koronar karnuka. Ba ta kama mutum. An yi saɓani mai faɗi a kan adadin da ya mutu: wasu masu fafutuka sun ce dubu 300, ƙungiyar likitocin dabbobi ta ce kusan dubu 8. A watan Agusta gwamnati ta yarda a yi wa kyanwoyi amfani da ragowar ƙwayoyin molnupiravir da aka tanada don masu korona. Kafin nan mutane sun yi ta sayen magani ta bayan fage da tsada, wasu suka ƙarar da abin da suka tara.

Akwai abin da baƙi ba sa son a faɗa, shi ne wani kaso na dabbobin da ke gidajen ceto nasu ne. Mutum ya ɗauki kare lokacin da zama ya yi daɗi, sai rashin lafiya ko mutuwar abokin zama ko karyewar tattalin arziki ta tilasta masa komawa gida, ya tarar fita da dabba aiki ne. Dole a dasa mata maɓallin shaida tukuna, sannan a yi rigakafin ciwon haukan kare, a jira kwana 21, a sami fasfonta. Kare mai shiga Birtaniya sai an ba shi maganin tsutsar ciki tsakanin kwana ɗaya zuwa biyar kafin isa, kuma a ɓangaren kaya zai tafi, kuɗin jirginsa sau da yawa ya fi na mai shi. Wanda yake arewa nasa ya fi wuya, domin dokar Koren Layi ta hana ƙetarawa da dabba mai rai zuwa kudu, fita da ita Turai kuma sai da gwajin jini da jiran wata uku. Mai niyyar ɗaukar dabba a ƙasar da ba tasa ba ya kamata ya yi lissafin ranar tafiya tun ranar ɗauka.

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma babu inda maganar ta tabbata kamar wajen sayen gida. A shekarun da suka biyo bayan 2000 dubban baƙi sun sayi gidaje tun suna kan takarda, suka biya kuɗi cif, suka tare, amma takardar mallaka ba ta fito ba. Daga baya suka gane kamfanin ginin ya jinginar da filin ga banki, wato in ya kasa biya, bankin yana da iko a kan gidan da wani ya riga ya saya. Da yawa lauyan da kamfanin ya nuna musu suka ɗauka, wanda ba zai tona asirin mai ba shi ciniki ba. Sai a 2015 majalisa ta yi dokar ceto irin waɗannan masu saye, ita ma ta sha ƙalubale a kotu. Wasu kuma an lallashe su suka ci bashin gida da kuɗin Suwizalan saboda ruwansa kaɗan ne, da darajarsa ta tashi sai bashin ya zarce kuɗin gidan. A arewa haɗarin daban ne. Filaye da yawa na Girkawan tsibirin ne da suka gudu a 1974. A shari'ar Apostolides da Orams, wasu ma'aurata 'yan Birtaniya sun gina gida a Lapitos a kan irin wannan fili, mai shi ya kai ƙara a kudu ya yi nasara, Kotun Tarayyar Turai kuma ta yanke a 2009 cewa za a iya zartar da hukuncin a kan dukiyarsu da ke Ingila. Gidan ya kuɓuce musu.

Wanda kuɗinsa ke zuwa daga wata ƙasa yana rayuwa ne a kan farashin canji. A 2007 fam ɗaya na Birtaniya yana sayen kusan yuro ɗaya da rabi, zuwa ƙarshen 2008 sun kusa yin kunnen doki. Ɗan fansho bai yi komai ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu ya zube. Wannan ya sa da yawa suka kwaso ajiyarsu suka zuba a bankunan Saifurus, inda ake ba da ruwa mai tsoka fiye da na sauran Turai. Ba su tsaya tambayar dalilin da ya sa banki zai biya fiye da kowa ba.

Dalilin shi ne bankunan sun kumbura har dukiyar da ke hannunsu ta ninka arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara kusan sau bakwai. Manyan biyu, Bankin Saifurus da Bankin Laiki, sun zuba biliyoyi a takardun bashin gwamnatin Girka. Da aka yafe wa Girka fiye da rabin wannan bashi a 2012, sun yi asarar kusan yuro biliyan 4 da rabi, kwatankwacin rubu'in arzikin ƙasar na shekara. Gwamnati ma ba ta da ƙarfin tallafa musu. A Yulin 2011 makaman da aka jibge a sansanin sojan ruwa na Mari sun fashe, mutum 13 suka mutu, babbar tashar lantarki ta Basilikos ta lalace, har sai da aka ciwo bashin yuro biliyan 2 da rabi daga Rasha.

Da asubahin Asabar 16 ga Maris 2013, a farkon hutun kwana uku, ministocin kuɗi na ƙasashen yuro da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka amince su ba Saifurus yuro biliyan 10, da sharaɗin a yanki kashi 6.75 cikin 100 daga kowace ajiya da ba ta kai yuro dubu 100 ba, da kashi 9.9 daga wadda ta haura. Shugaba Nikos Anastasiyadis bai cika wata guda a kan mulki ba. Kafin hantsi layuka sun miƙe a gaban na'urorin cirar kuɗi, tsofaffi da kati a hannu, kowa yana cire iyakar abin da aka yarda masa, ya koma ƙarshen layi ko ya nufi wata na'urar, har suka ƙafe. A gundumar Limasol wani ya tuƙo katafila ya ajiye a ƙofar banki. Ranar 19 ga wata majalisar dokoki ta yi fatali da shirin, 36 suka ƙi, 19 suka ƙaurace, babu ko ɗaya da ya goyi baya. Bankuna suka ci gaba da zama a kulle, shaguna da gidajen mai suka daina karɓar kati sai tsaba. Birtaniya ta aiko jirgin soja da yuro miliyan 1 don sojojinta, ta kuma yi alkawarin biyan diyya ga sojoji da ma'aikatan gwamnatinta. 'Yan fansho ba sa cikin alkawarin.

Ranar 25 ga Maris aka cimma sabuwar yarjejeniya. An bar ƙananan masu ajiya, aka ɗora nauyin duka a kan manya. An rushe Laiki, ajiyar da ba ta wuce dubu 100 ba aka mayar da ita Bankin Saifurus, abin da ya haura kuwa ya bi tsohon bankin, kusan duka ya salwanta. A Bankin Saifurus an mayar da kashi 47.5 cikin 100 na abin da ya haura dubu 100 ya zama hannun jari. A ɗauki misalin wanda ya sayar da gidansa a Ingila ya ajiye yuro dubu 300. In a Bankin Saifurus ne, dubu 100 sun tsira, dubu 95 sun koma hannun jari, saura an daskarar da shi ana saki kaɗan-kaɗan. Hannun jarin da aka ba shi a kan yuro ɗaya, da bankin ya sayar da sababbi a 2014 santi 24 ya yi musu kuɗi. In kuwa a Laiki ne, dubu 100 ɗin nan kusan su ne ƙarshen zance. Bankuna sun buɗe ranar 28 ga wata, da dokar kada a ciri fiye da yuro 300 a rana, kada matafiyi ya fita da fiye da dubu ɗaya. Sai a Afrilun 2015 aka ɗage takunkumin gaba ɗaya.

An kare matakin da cewa kuɗin attajiran Rasha ake hari, kuma lalle wasunsu sun yi asara. Amma masu kunne a sama sun kwashe nasu tun kafin a rufe ƙofa. Waɗanda aka ritsa da su sun haɗa da ƙananan kamfanoni masu kuɗin albashi a asusu, da asusun sallamar ma'aikata, da wanda kuɗin gidansa ya shigo ana saura mako guda. Masu ajiya sun kai ƙara har Kotun Tarayyar Turai, ta yi watsi da neman diyyarsu, hukunci na ƙarshe ya fito a Disamban 2020. Tun daga 2016 kuma wannan salo ya zama doka a duk Tarayyar: in banki ya durƙushe, masu hannun jari da masu binsa bashi da manyan masu ajiya su za su fara ɗaukar asara kafin a taɓa kuɗin jama'a.

Abin da ya tsare mutane a 2013 shi ne inshorar ajiya, kuma ya kamata a fahimci iyakarta. A Tarayyar Turai yuro dubu 100 ne ga kowane mutum a kowane banki. Buɗe asusu uku a banki ɗaya, ko a rassa uku, ba ya ƙara komai, ana haɗa su ne a lissafa. Asusun haɗin gwiwa na miji da mata yana da dubu 200, tunda kowannensu yana da nasa kason. In bankuna biyu suka haɗe, kamar yadda Bankin Hellenic ya karɓi ajiyar bankin ƙungiyoyin gama-kai a 2018, wanda ya raba kuɗinsa tsakaninsu sai ya wayi gari a inuwa ɗaya, dole ya sake rabo. Masu lura sukan bar wani abu a ƙasarsu ta asali, su riƙe tsabar da za ta kai su mako biyu, su kuma rubuta wasiyya, domin tun 2015 dokar gadon Saifurus mai tilasta kason iyali tana hawa kan baƙo in bai zaɓi dokar ƙasarsa a rubuce ba. Mai karatu a Najeriya ya san makamancin wannan: hukumar NDIC ta ɗaga inshorarta daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5 a Mayun 2024, wata guda bayan haka aka soke lasisin Bankin Heritage, waɗanda ajiyarsu ta haura suka koma jiran a sayar da kadarori.

Duk wannan kariya ta Turai a bakin Koren Layi take tsayawa, kuma a hayin layin ne 'ya'yan Hausawa suka fi yawa. Arewacin Saifurus ta mayar da jami'o'i sana'a, dubban ɗaliban Najeriya suna karatu a Nikosiya ta arewa da Famagusta da Kireniya. Kuɗin da ake kashewa a can lirar Turkiyya ce, wadda a farkon 2018 ba ta kai 4 a dala ba, a farkon 2024 ta haura 30. Kuɗin makaranta da yuro ko dala ake biya, haya sau da yawa da fam. Da naira ta faɗi bayan Yunin 2023, uban da ke aika kuɗi daga Kano ko Kaduna ya sami kansa tsakanin kuɗaɗe biyu masu zubewa da biyu masu tashi. Bankunan yankin suna da nasu tarihin: a 2000 da dama sun rushe, masu ajiya suka kutsa cikin majalisa. Ɗaliban da gwamnatin Kano ta tura Jami'ar Near East sun yi shekaru takardunsu na riƙe saboda bashin kuɗin makaranta, sai a 2025 jihar ta biya fiye da naira biliyan 2 aka sake su. A 2024 kuma badaƙalar digirin bogi ta kai ga kama manyan jami'ai a yankin.

Dillalan da ke tallata karatu a can sukan ce wa iyaye Turai ce, akwai aiki, kuma daga nan sai Jamus. Jirgin da ke sauka a filin Ercan na arewa dole ya bi ta Turkiyya, izinin zaman arewa ba ya shigar da kowa kudu, wanda ya tsallaka kuma sansanin masu neman mafaka na Purnara ne masaukinsa, yawancin buƙatun 'yan Najeriya kuwa ƙin su ake yi. Tun a Agustan 2020 hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje ta gargaɗi iyaye game da yankin, bayan mutuwar ɗalibai da ba a warware ba. Najeriya ba ta amince da arewacin Saifurus a matsayin ƙasa ba, saboda haka ba ta da ofishin jakadanci a can. Duk uban da zai tura ɗansa, ya tabbatar da matsayin jami'ar a wurin hukumomin ilimi na gida, ya biya kuɗi kai tsaye ga makaranta ba ta hannun dillali ba, ya kuma tanadi kuɗin shekara guda da na tikitin dawowa kafin yaro ya hau jirgi.